Ta Bar Ni Ta Auri Mai Kuɗi: Wai Haka Halittar Mata Take?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamin firamare ne, shekarata 29. Shekara uku na yi ina neman wata yarinya a unguwarmu, kowa ya san ni da ita, har ƙannenta Yaya suke kirana. Sau biyu mahaifinta yana aikowa in turo magabatana, ni kuma ina roƙon a ƙara mini lokaci, don ina so in gama ginin ɗaki biyu a filin da na gada, in kuma haɗa lefe na fita kunya. Bayan ƙaramar salla sai na ji an sa mata rana da wani ɗan kasuwa mai mata ɗaya, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ba dole aka yi mata ba, da bakinta ta ce mini ta amince. Yau wata biyu ke nan da ɗaurin auren.

Wani abokina da ya karanta kimiyya a jami'a ya yi ta turo mini bidiyoyi a WhatsApp, wai masana sun tabbatar tun asalin halitta mace kuɗi da matsayi take bi, namiji kuma kyau da ƙuruciya, so kuwa dabara ce kawai da jiki ke yi wa mutum don a hayayyafa. Tun ina musu har na fara yarda. Yanzu ko gaishe ni mace ta yi sai in ji kamar aljihuna take aunawa. Ina tunanin ajiye koyarwa in bi wani ɗan uwana haƙar zinariya, in na yi kuɗi in dawo in auri wadda na ga dama. Anti, gaskiya ne abin da abokina ke faɗa?

Ƙaninki, daga Gusau.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanyaya maka zuciya. Shekara uku ba kwana uku ba ce, kuma wanda ya ga an shiga da akwatunan wani cikin gidan da ya saba shimfiɗa tabarma a ƙofarsa, ba a ce masa ya manta kawai. Ka ji zafi, kuma kana da dalilin jin sa.

Tambayarka ta faɗo gidan da ya dace, don kafin in yi ritaya na shafe sama da shekara ashirin ina koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata. Maganar asalin ɗan Adam ba zan shige ta ba, wannan fagen malamai ne. Amma tunda abokinka da kimiyya ya zo maka, bari mu buɗe kimiyyar mu ga ko abin da ya ɗauko shi ne duk abin da ke cikin buhun.

Tushen zancen wani Bature ne ɗan Ingila, Charles Darwin. Bayan ya fitar da ra'ayinsa a 1859 cewa halittar da ta fi dacewa da muhallinta ita ke tsira ta bar zuriya, sai ɗawisu ya tsaya masa a rai. Me zai sa tsuntsu ya ja wutsiyar da ke masa nauyi, take kuma tona masa asiri ga mai farautarsa? A 1860 har ya rubuta wa wani abokinsa a Amurka cewa ganin gashin wutsiyar ɗawisu kaɗai na sa shi jin rashin lafiya. Amsar da ya kawo a 1871 ita ce: tsira da rai bai isa ba, sai an samu abokin haihuwa. Wasu siffofin, kamar ƙahon rago, na karo da 'yan uwa maza ne. Wasu kuma, kamar adon ɗawisu, na burge mace ne, don ita ke zaɓe.

An daɗe ana yi wa wannan magana kallon tatsuniya, sai da aka gwada ta a fili. Gwajin da na fi so in ba ɗalibaina labari shi ne na Malte Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya yi a tsaunukan Kenya aka buga a 1982. Akwai wani baƙin tsuntsu a can mai jan tambari a kafaɗa, jikinsa ɗan ƙarami, amma wutsiyar namijin takan kai rabin mita. Andersson ya kama maza 36 ya kasa su huɗu. Kashi ɗaya ya datse musu wutsiya ta koma kamar santimita 14. Gashin da ya yanko ya liƙa wa kashi na biyu da gam, tasu ta kai wajen santimita 75. Na uku ya yanke ya mayar musu da abinsu yadda yake, don a tabbatar ba almakashi ko gam ne ke kawo bambanci ba, na huɗu kuwa bai taɓa wutsiyarsu ba. Ya sake su, ya koma yana ƙirga sababbin sheƙoƙin da mata suka yi a yankin kowane namiji. Masu wutsiyar aro su suka kwashe kasuwa. Duk shekarar da na kai nan sai aji ya ɓarke da dariya, wata ta ce, "Malama, ashe har tsuntsaye ana yaudararsu da kayan aro, kamar mai zuwa zance da motar abokinsa."

To, a tsuntsaye maganar tana da ƙafa. Amma ko a can ba ta tafiya a miƙe kamar yadda masu bidiyo ke so. Binciken Marion Petrie a Ingila a 1991 ya nuna matan ɗawisu sun fi son namiji mai yawan idanu a wutsiya, sai ga wasu masana a Japan a 2008, bayan shekaru suna lura da nasu ɗawisun, ba su ga hakan ba. Ɗawisu ke nan fa, wanda ba shi da uba mai cewa a turo, ba shi da gwaggo mai zuga.

Me ya sa galibi mace ce mai zaɓe? Robert Trivers ya ba da amsa a 1972, kuma amsar mai sauƙi ce: wanda ya fi zuba jari a kan ɗa shi ya fi tsantseni wajen zaɓar wanda zai haifa da shi. Ba mace ko namiji ba ne zancen, ɗawainiya ce. Hujja tana nan kusa da mu. A fadamun Haɗeja da Nguru akwai tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado kamar yana tafiya a kan ruwa. A wurinsu namiji ne ke kwanci a kan ƙwai, shi ke rainon 'yan tsaki, har yakan ɗauke su a ƙarƙashin fiffikensa ƙafafunsu na reto. Macen ta fi shi girma, ita ke faɗan kare yanki, kuma takan haɗa maza fiye da ɗaya. Da ɗawainiya ta juya, sai neman ma ya juya.

Yanzu ka dubi mutum. Jaririnmu yana zuwa ba ya iya ko ɗaga kansa, sai ya shekara kafin ya taka, sai ya haura goma sha kafin ya ciyar da kansa. Uwa ita kaɗai ba ta iya wannan aiki, dole da uba, da kaka, da dangi. Tunda namijin mutum ma yana zuba shekarunsa da guminsa, shi ma mai zaɓe ne. Kai kanka shaida ne: cikin 'yan matan unguwarku kaf ita ɗaya ka tsaya a kai shekara uku. Ɗawisu ba ya haka. Ya gama barbara ya kama gabansa, bai san ƙwai ba balle ɗan tsako.

Binciken da na tabbata shi ne uban duk bidiyoyin abokinka na David Buss ne, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda ya fito a 1989. An raba takardar tambayoyi ga mutum 10,047 a al'ummomi 37 cikin ƙasashe 33, har da Najeriya da Zambiya, aka ce kowa ya faɗi abin da yake nema ga wanda zai aura. Ba zan ɓoye maka ba, abokinka yana da gaskiya a wannan gaɓa. Kusan ko'ina mata sun fi maza ba wa samun miji muhimmanci, maza kuma sun fi mata damuwa da kyau, kuma sun fi son wadda suka girma. Mazan Najeriya da Zambiya ma su ne kan gaba wajen son tazarar shekaru mai yawa. A 2020 wasu masana suka sake irin wannan aiki a ƙasashe 45, bambancin nan ya sake fitowa.

Ga inda aka yi maka ƙwange. A cikin binciken nan dai, da aka ce mutane su jera halayen daga wanda ya fi muhimmanci zuwa ƙasa, abin da ya zo na ɗaya a wurin maza da mata baki ɗaya shi ne kirki da fahimta, na biyu hankali. Kuɗi bai shiga sahun gaba ba ko a jerin mata, kyau ma bai zo na ɗaya ba ko a jerin maza. Abin da aka gano shi ne mata sun fi maza kula da samu, ba a gano cewa samu suka fi kula da shi a kan komai ba. Maganganu biyu ne daban. Kamar a ce Kanawa sun fi Zazzagawa son wani abinci, sai wani ya tashi ya ce ai Bakano ba ya cin komai sai shi. Kuma duk wannan lissafin jimla ne na dubban mutane. Maza a jimlace sun fi mata tsayi, amma ka san mata nawa a unguwarku da suka kere mazansu. Lissafin jimla ba zai gaya maka abin da ke zuciyar yarinya ɗaya a gida ɗaya ba.

Sannan ba a ma daidaita a kan dalilin bambancin ba. A 1999 Alice Eagly da Wendy Wood suka ɗauki alƙaluman Buss ɗin nan suka sake duba su, sai suka ga a ƙasashen da mata ke da aikin yi da abin hannunsu, tazarar da ke tsakanin maza da mata wajen damuwa da samun abokin aure tana raguwa. Har yau ana ja-in-ja a kan wannan, amma ni dai hankalina ya kama shi. Yarinyar da ta san cinta da shanta da suturarta da kuɗin asibitin 'ya'yanta duk a wuyan mutum ɗaya za su rataya, in ta tambayi me yake samu, kwaɗayi ne ko lissafi? Shari'a ma ta ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da muhalli. Da 'yarka ce, kai ma sai ka tambaya.

Akwai kuma tazara tsakanin abin da baki ke faɗa da abin da zuciya ke yi. A 2008 Paul Eastwick da Eli Finkel na jami'ar Northwestern a Amurka suka tara ɗalibai maza da mata, suka fara tambayarsu me suke nema. Amsa ta fito yadda aka saba: maza kyau, mata samu. Daga nan aka zaunar da su bibbiyu, kowane namiji ya yi hirar minti huɗu da kowace mace, aka bi diddiginsu na wata guda a ga wa ya kwanta wa wa a rai. Bambancin nan sai ya ɓace. Kyau ya ja mata kamar yadda ya ja maza, samu ya ja maza kamar yadda ya ja mata, kuma abin da mutum ya rubuta a takarda bai nuna wanda zai so in sun haɗu ido da ido ba. Ɗaliban Amurka ne, na sani, ba masu jiran a sa musu rana ba. Amma ko a nan, mace nawa ka ji ta rantse sai dogo fari, ta ƙare a ɗakin gajere baƙi tana kiransa da sunaye masu daɗi?

Da a ce mata kuɗi kaɗai suke gani, da Woɗaaɓen Nijar da Chadi ba su wahalar da kansu ba. A bikinsu na Gerewol samari ne ke shafe sa'o'i suna kwalliya, su shafa jar ƙasa a fuska, su ja layi a kan hanci, su baƙanta leɓe don haƙora su ƙara fari, su jera cikin rana suna rawa suna zare ido, 'yan mata kuma su fito su nuna wanda ya fi. Mutane ne kamar mu, jini ɗaya, amma al'ada ta ɗora ado a kan namiji.

Wani abin da masu bidiyo ba sa so su taɓo shi ne iyaye. Suna magana kamar saurayi da budurwa su kaɗai ne a daji. A 2007 Menelaos Apostolou ya duba bayanan al'ummomi 190 masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace, ya tarar a mafi yawansu iyaye ne ke da babbar murya a kan auren 'ya'yansu, musamman mata. Bahaushe bai buƙaci a je daji a gano masa wannan ba. Kuma abin da uba ke dubawa ba lallai ya zama abin da 'yarsa ke dubawa ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce in wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku, ku aurar masa. Ka lura da kalmar: ya zo muku.

Nan zan taɓa maka wurin ciwon, ka yi haƙuri da ni. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma jimlar da ta fi tsaya mini ba ta ɗan kasuwa ba ce. Ita ce, "sau biyu mahaifinta yana aikowa in turo." Ƙanena, uban da ke neman mai kuɗi ba ya aika wa malamin firamare sau biyu. Ya san albashinka, ya san filin gadonka, ya san ginin bai kai linta ba, duk da haka ya ce ka turo. Wannan mutum ya zaɓe ka, har sau biyu. Yarinyar kuma ta zauna shekara uku tana sallamar wasu saboda kai, a garin da budurwa in ta daɗe a gida har maƙwabta sai sun sa mata ido, ƙawayenta ana ta kai su ɗaki, wasu har sun yi goyo. Ka taɓa tsayawa ka yi tunanin me take ce wa mahaifiyarta duk lokacin da aka tambaye ta ina maganarku ta kwana?

Ban san zuciyarta ba, kuma ba zan rantse maka cewa dukiyar mutumin ba ta yi tasiri ba. Wataƙila ta yi. Amma abin da na gani a rubuce shi ne mutum ɗaya ya ce a jira, ɗaya kuma ya turo manya da goro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai kana gina ɗaki don ka fita kunyarta, su kuma a gidansu abin da suke gani shi ne shekara na bin shekara babu ko kuɗin gaisuwa. Niyyarka mai kyau ce, sai dai niyya ba a ganinta daga zaure. Da ka tura kawunanka an tsayar da magana, ko da za a sa rana shekara guda, da yanzu wani labarin ake yi. Ɗakin haya bai taɓa hana aure albarka ba, lefe kuma ana yin sa daidai ƙarfi.

Batun cewa so dabarar jiki ce, wannan wasa da kalmomi ne. Yunwa ma masana sun san yadda take tasowa a ciki da ƙwaƙwalwa, amma ban ga wanda ya ture tuwo don an bayyana masa dalilin yunwarsa ba. Son da uwa ke yi wa ɗanta shi ma suna da bayaninsa, ka je ka gaya wa mahaifiyarka nata na bogi ne ka ga. Hasali ma masanan da abokinka ke jingina da su cewa suke yi ƙauna mai ɗorewa tsakanin miji da mata tana cikin abin da ya raya ɗan Adam, don ita ke riƙe mutum biyu wuri ɗaya tsawon shekarun da yaro ke buƙatarsu.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka shi ne yadda ka fara jin gaisuwar mace kamar awon aljihu. In ka bar wannan ya yi jijiya, ko ka yi kuɗin ba za ka ji daɗinsu ba. Za ka auri wadda ka ga dama, kamar yadda ka ce, sannan ka kwana kana zarginta cewa don kuɗin ta zo, ta yi maka murmushi ka ce na cefane ne. Na ga gidaje irin wannan, matan ciki ba su da laifin komai sai na zuwa bayan wata. Kai da ke tsayawa gaban yara mata kullum da alli a hannu, bai kamata ka riƙa kallonsu da wannan ido ba.

Kada ka ajiye aikinka cikin fushi. Kai ɗan Zamfara ne, ka fi ni sanin ramukan da ke ruftawa da mutane, ka san gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya a 2010, ka kuma san halin da dazuzzukan suke ciki yanzu. In ƙarin samu kake so, kuma ya kamata ka so, nemi abin da za ka haɗa da koyarwar: darasin yamma, noman damina, 'yar sana'a bayan an tashi. Ginin nan ka ci gaba da shi ko bulo goma-goma ne, naka ne, ba don ita kaɗai aka fara shi ba.

Ita kuwa matar wani ce yanzu. Goge lambarta, kada ka aika ƙannenta da saƙo, kada ka riƙa bi ta layin gidanta wai hanya ce ta biyo da kai. In kun yi kiciɓis da mahaifinta ka durƙusa ka gaishe shi kamar da, mutumin nan bai yi maka laifi ba, kuma irinsa ne gobe za a tambaya game da halinka. Abokinka ka ce masa ya huta da turo bidiyon haka nan. In ya ƙi, ka tambaye shi mene ne ya zo na ɗaya a jerin Buss.

Ka ba kanka wata shida ko fiye kafin ka sake tsayawa a ƙofar wani gida, don kada ka je neman wata da fushin wata. Ranar da ka ga wadda ta kwanta maka, ka gaya mata gaskiyar albashinka tun a zance na biyu ko na uku, ka kuma gaya wa kawunka tun kafin mahaifinta ya aiko.